Kujerar Baturiya a Bakin Ƙofar Ɗakin Yara

Jawo tabarma ka zauna. Ke ma ajiye abin da ke hannunki, ki matso nan inda akwai inuwa. Zancen wata mata ce 'yar Gangara, sunanta Baturiya, wadda ta yi shekara ashirin da bakwai tana aiki a ɗakin yara na wani asibiti da ke bakin kwalta, gabas da Maradi. Sunan asibitin mu bar shi, ba shi ya tara mu ba.

Ba Baturiya aka raɗa mata ranar suna ba. Da jar fata ta zo duniya, kakarta ta ɗaga ta sama ta ce, "Wannan kuma daga wace ƙasa aka aiko mana ita?" Shi ke nan suna ya bi ta har cikin takardar aiki. Ta yi lakol, wato makarantar boko, zuwa aji biyar ta bari. Ta auri wani tela, Malam Maikuɗi, mutum mai son raha, ta haifa masa ɗan fari namiji.

Kun dai san yadda ɗan fari yake a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In an ce mata, "Yaya yaron?" sai ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi." Kakar yaro ita ce bakinsa. To, yaron nan yana wata tara, cikin damina, tari ya kama shi, numfashinsa ya koma sama-sama. Surukarta kuwa ta tafi biki Cadawa. Kwana uku Baturiya tana goye da shi, tana jin ƙirjinsa yana bugun bayanta da sauri, duk wanda ya tambaya ta ce da sauƙi. Sai da tsohuwa ta dawo ta ɗaga murya, sannan aka ɗaura amalanke aka nufi asibitin Agiye. A hanya Baturiya ta zura hannu ta baya, ƙarƙashin zane, ta riƙe ƙafar yaron, fuskarta tana kallon gonaki. A haka ta ji bugun ya tsaya. Ba ta faɗa wa kowa ba sai da suka isa.

Bayan shekara biyu mijinta ya kwashe keken ɗinkinsa ya koma garin da asibitin nan yake, ita kuma ta samu aikin shara a ɗakin yara. Tana shara tana kallo. Ran nan ta jingine tsintsiya ta ce wa majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, "Waccan ta bakwai a layi, a fara da ɗanta." Majo ya ce mata ta kama tsintsiyarta. Amma da ya duba yaron, da gudu ya shiga da shi. Aka yi haka sau biyu, sau uku, sai aka karɓe tsintsiya aka ba ta 'yar kujerar katako a bakin ƙofa.

Yadda take aikinta ba wuya a ido. Ba ta kwance goyo, don ta ce da zarar an sauke yaro zai tsala kuka, in ya yi kuka kuwa lissafin numfashi ya ɓaci. Sai ta zagaya bayan uwa, ta ɗora tafin hannu a kan zanen goyo, ta kalli agogon bango, ta ƙirga minti guda cif. Ta duba hanci ko yana buɗewa yana rufewa, ta duba kai ko yana gyaɗawa da kowane numfashi, ta kara kunne ko akwai ɗan gurnani. Sannan ta tambayi uwa a hankali, "Na fari ne?" In uwa ta sunkuyar da kai, Baturiya ba ta ƙara ce mata komai, sai ta juya wajen tsohuwar da ta rako ta.

Kowace shekara akan turo matasan likitoci daga Yamai, waɗanda suka gama karatu suke neman ƙwarewa kan ciwon yara, su yi sitaj, wato horon aiki, na wata uku. Kuma safiyar farko, kafin su taɓa kowane yaro, Baturiya ake miƙa wa su. Su tsaya bayan kujerarta da fararen rigunansu, ita tana cewa, "Kai, lokotoro, cire abin sauraren ƙirjin nan daga kunne tukuna, ka fara da ido." Wannan safiyar ita ce sallarta. Duk shekara Malam Maikuɗi sai ya ɗinka mata sabuwar atamfa dominta. Cikin waɗanda suka bi ta hannunta har da wani Ilyasu, wanda ya zo da takalmi mai tsinin baki, wani yaro ya yi masa fitsari a kai tun ranar farko. Yau shi ne babban likitan yara da ke zuwa daga Maradi yana kula da horon.

Sai kuma Rufaida. Ɗiyar aminiyar Baturiya ce tun ta Gangara, amma a Maradi ta tashi. Baturiya ta goya ta, ta share mata majina, kuma ita ta matsa wa uwarta a sa ta lakol ɗin aikin jinya. Da yarinya ta gama aka turo ta asibitin nan, Baturiya ta riƙa jan ta ɗaki-ɗaki tana cewa, "Ku ga ɗiyata, da difulom ɗinta." Shekara huɗu tana koya mata duk abin da ta sani. Rufaida kuwa Inna take ce mata, ba ta taɓa wuce ta ba ta rusuna ba.

To, a shekarar da muke zance sai aka kawo sabon tsari: horo na musamman kan ciwon huhun yara. Aka kawo injunan oksijan, aka kawo ɗan maƙalin nan da ake sa wa yaro a yatsa ya nuna yawan iskar da ke jininsa. Aka ce ana son mutum ɗaya daga ɗakin yara ya zama mai horar da likitocin, amma sai mai takarda. Aka tura Rufaida Yamai sati biyu. Ta dawo da farar riga an rubuta sunanta da shuɗin zare a ƙirji.

Baturiya ta taya ta murna, har da guɗa. Ba ta kawo komai a ranta ba, don a ganinta takarda daban, ƙofa daban.

Ranar da likitocin suka iso, su shida, ta sha sabuwar atamfarta ta zauna kan kujera tun da sassafe. Lokotoro Ilyasu ya sauko daga mota, ya zo ya gaishe ta hannu biyu.

"Tanti Baturiya, ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, lokotoro. Ina takalmin nan naka mai tsini?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya juya ga matasan ya ce, "Wannan uwarmu ce, ita ta raine mu. Bana dai mun hutar da ita. Ku bi Madam Rufaida."

Suka bi Madam Rufaida. Baturiya ta bi bayansu da kallo har suka shige.

Da ta koma gida da la'asar ta cire atamfar ta jefa kan keken ɗinki. Malam Maikuɗi ya ɗago kai.

"A'a, ɗinkin ne bai yi ba?"

"Ɗinki ya yi. Hutu aka ba ni."

"To ai alheri ne. Ni da za a ba ni hutu..."

"Malam, ka ji na ce na gaji? Wa na kai wa ƙarar gajiya?"

Ya kalle ta ta saman tabarau ya ce, "Baturiya, kishi kike yi."

"Ni? Da yarinyar da na wanke wa kashi? Allah ya sawwaƙe."

"To ki ci tuwo mana."

Ba ta ci ba.

Daga ranar idonta ya koma kan Rufaida. Tafiyarta ma ta ga ta sake, wai har da wani ƙwas-ƙwas. Dariyarta ta yi yawa. Turaren da take shafawa yana sa yara atishawa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne in ta wuce ta gindin bishiyar bedi, inda aka kafa allo, ta ji Rufaida tana zuba Faransanci tana gyaɗa kai kamar yaro mai wahalar numfashi, likitoci shida suna rubutawa a kaye, wato littafin rubutu. Baturiya ba ta jin Faransanci sosai, amma ta san gyaɗa kan nan. Nata ne. A bakin ƙofar can ta koya wa yarinyar shi, da Hausa, ba wanda ya rubuta. Yanzu an sa masa riga an ɗora shi a allo, ya zama na Madam.

Sati na biyu Rufaida ta zo ta same ta da takarda a hannu, ta rusuna kamar kullum.

"Inna, ga yadda muka tsara ƙofa. Likita zai zauna da tebur, yana raba kati: ja a shiga nan take, ruwan ɗorawa a ɗan jira, kore a bi layi. Kuma saboda cunkoso, uwa kaɗai za ta riƙa shigowa da yaro, 'yan rakiya su tsaya waje. Ke kuma za ki koma wajen sikeli, ki huta da rana. Kina ganin akwai gyara?"

Tun kafin ta rufe baki Baturiya ta ga ramin da ke cikin tsarin. In an bar kakanni a waje, wa zai yi magana a madadin 'ya'yan fari? Maganar ta zo mata har kan harshe. Sai idonta ya faɗa kan shuɗin zaren nan na ƙirjin riga.

"Ni wa?" in ji ta. "Ku ne masu takarda."

"Haba Inna."

"Ya yi kyau. Allah ya taimaka."

Da hannunta ta ɗauki kujerarta ta kai ɗakin sikeli, ta ajiye jikin taga. Tagar kuwa ƙofar asibiti take kallo.

Aka yi sati uku a haka, ba abin da ya faru, har ta fara jin haushin rashin faruwar komai, ta kuma riƙa yin istigfari kan wannan haushin.

Sai wata ranar kasuwa, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara gida-gida. Layi ya kai har bakin kwalta. Wanda ke kan tebur ran nan wani matashin likita ne, Yasin, ɗan Yamai, mai ƙoƙari da saurin hannu, Hausarsa dai ta kasuwa ce. Ƙarfe goma da minti goma, Baturiya ta ɗaga kai daga sikeli ta hango wata yarinya Bafulatana, siririya, da goyo, wata tsohuwa na biye da ita. Mai gadi ya tare tsohuwar da sanda: uwa kaɗai. Tsohuwa ta yi magana, ta nuna goyon, ta yi magana, mai gadi ya girgiza kai. Yarinyar ta shigo ita kaɗai, ko waiwaye ba ta yi ba.

Daga inda take Baturiya ta ga ɗan kan da ya leƙo daga zane. Yana gyaɗawa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, da kowane numfashi.

Ta miƙe. Wallahi ta miƙe, har ta sa ƙafa ɗaya cikin takalmi. Sai ta jiyo dariya daga gindin bedi. Rufaida ce tsaye gaban allo, Lokotoro Ilyasu yana tafa mata, sauran likitoci na murmushi. Baturiya ta tsaya da takalmi ɗaya. Ta ce a ranta, ai akwai likita a ƙofa. Likita guda, mai takarda, wanda Madam ta koya wa. Zai gani. In bai gani ba, to, a san wanda bai koya masa ba.

Ta koma ta zauna. Ta ce, "Mai bi, kawo yaro."

Ta taga tana jin komai. Yasin ya ce wa yarinyar ta sauke goyo. Ta sauke, 'yar jaririya mace, wata goma, ta fasa kuka, kuka siriri mai yankewa. Ya sa agogo zai ƙirga, kuka ya hana. Ya maƙala mata abin yatsa a ƙafa, ƙafar na ta harbi, lamba ta ƙi tsayawa.

"Sunanki?"

"Kadi."

"Sunan yarinya?"

Kadi ta kalli bango.

"Madam, sunan yarinya. Ba ɗiyarki ba ce?"

Kadi ba ta ɗauke ido daga bango ba. Ya bar wurin sunan ba komai.

"Kwana nawa ba ta da lafiya?"

"Jiya-jiya ne."

"Tana shan nono?"

"Tana sha."

"Ya jikin nata, a ganinki?"

"Da sauƙi."

Yasin ya dubi fuskar uwar. Ba hawaye, ba rawar murya, ko kallon ɗiyar ba ta yi. A Yamai ya saba ganin uwar da ɗanta ke cikin haɗari tana kama rigar likita. Ya dubi layi, mutum ya fi sittin. Ya rubuta mura da zazzaɓi, ya miƙa mata kati ruwan ɗorawa.

Kadi ta mai da goyonta, ta je can ƙarshen benci ta zauna, ta juya fuska ga bango.

Baturiya ta auna yaro. Kilo bakwai da rabi. Ta auna wani. Ta ce a ranta yanzu Rufaida za ta zagayo ta gani, ai aikinta ne. Ta auna na uku, ta rubuta lambar a gurbin da ba nata ba, ta goge. Can waje tsohuwar ta kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu tana kiran duk mai farar rigar da ya gifta, tana roƙo da Fillanci, "Useni, useni, ɗana," ba wanda ya tsaya. Ta auna na huɗu. Ta auna na biyar. Kukan jaririyar ya daina zuwa.

Ta leƙa. Kadi na nan zaune, fuska ga bango, kamar ba abin da ya dame ta a duniya. Amma hannunta na dama ya zagaya baya, ya shige ƙarƙashin zane, ya riƙe 'yar ƙafar.

Baturiya ba ta san lokacin da ta fita ba, ba takalmi. Ta ɗora tafin hannu kan goyon, ta ɗaga ido ga agogo. Goma da minti hamsin. Ba ta ƙarasa minti ɗin ba, don a rabinsa ta riga ta ƙirga talatin da takwas, ga gurnani, ga leɓe ya yi toka-toka.

"Lokotoro! Ja ne! Rufaida! A kunna oksijan!"

Muryar da ta yi shekara ashirin da biyar ana jin ta har farmasi. Ba ta kwance goyon ba, uwar ta ja gaba ɗaya suka yi ciki. Rufaida ta yar da alli ta rugo. Aka sa wa jaririya robar iska a hanci, aka maƙala abin yatsa, yanzu da ba ƙarfin harbi lamba ta tsaya: saba'in da takwas. Lokotoro Ilyasu da kansa ya nemi jijiya ya sa allura.

Baturiya ta leƙa ta ce wa mai gadi, "Buɗe wa tsohuwar nan, ko in zo in buɗe da kaina."

Tsohuwa ta shigo tana haki. Goggo Dija sunanta, uwar mijin Kadi, daga wata ruga ta bayan Gangara. Tun ba a tambaye ta ba ta fara: kwana biyar ke nan, tun shekaranjiya ba ta yi barci ba, tun jiya da azahar ba ta kama nono ba, sunanta Lubabatu.

Yasin ya riƙe kai. "Amma ta ce mini jiya ne. Ta ce tana sha!"

"'Yar fari ce, lokotoro," in ji Baturiya. "Ko tana mutuwa a bayanta haka za ta ce maka. Ba ita ake tambaya ba."

Kwana shida Lubabatu ta yi da robar iska a hanci. Kwana biyun farko ba wanda ya iya cewa ga inda za ta faɗa. Ran na bakwai ta kama nono, ta kuma cafke abin sauraren ƙirjin Yasin ta kai baki.

Lokotoro Ilyasu ya tara kowa gindin bedi. Kafin ya yi magana Rufaida ta miƙe ta ce dokar barin 'yan rakiya a waje ita ta kawo ta, kuskurenta ne, ta ɗauka kunyar ɗan fari tsohon zance ne da ya rage a bakin kakanni. Aka soke dokar nan take. Ilyasu ya ce daga yau duk likitan da ya zo sitaj, satinsa na farko a bakin ƙofa zai yi shi, bayan kujerar Tanti Baturiya. Aka yi tafi. Yasin ya zo ya durƙusa gabanta.

In ce muku ba ta ji daɗi ba, na yi ƙarya. Ta ji shi har tafin ƙafa, kamar ta sha ruwan randa da azumi. Ta saci kallon Rufaida, ta ga kanta a sunkuye, shuɗin zaren ya ɓuya cikin ninkin riga, daɗin ya ƙaru.

Da la'asar tana ɗakin sikeli tana tattara kayanta, Rufaida ta shigo ta turo ƙofa. Ta rusuna kamar kullum.

"Inna, na zo in kai miki kujera."

"Bar ta, zan iya."

Rufaida ta ɗauki kujerar, amma ba ta fita ba. Ta tsaya jikin tagar tana kallon waje.

"Inna, tambaya ɗaya. Ƙarfe nawa kika gan ta?"

"Wa?"

"Ke kika ce mini tun da kike, yaro mai gyaɗa kai bai taɓa ƙetare ƙofar can ba ki gan shi ba. Ga ƙofa nan, ga inda kike zaune. Katin Yasin an rubuta goma da kwata. Kin yi kira sha ɗaya saura minti goma."

Baturiya ta ce, "Ke kika kafa doka. Ke kika bar tsohuwa a rana."

"Ni ce. Na kuma faɗa gaban kowa. Amma na zo na tambaye ki, Inna. Da takarda a hannuna na zo."

"Kin zo da sunanki a ƙirji, kina ce mini in huta da rana!"

"Ba ni na zaɓi kaina ba."

"Kin ƙi ne da aka zaɓe ki? Kin ce musu akwai wadda ta koya miki? Ko sau ɗaya, gaban allon nan, kin ambaci sunana?"

Rufaida ta ce, "Ban ambata ba."

Suka tsaya haka, kujera a tsakaninsu. Daga baya Rufaida ta ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba." Ta fita da kujerar, ta kai ta bakin ƙofa, ta ajiye ta daidai inda ƙafafunta suka yi rami a ƙasa.

Ranar da aka sallami Lubabatu, Goggo Dija ta kawo wa Baturiya ƙwaryar nono da curin man shanu, tana ta sa mata albarka. Kadi kuwa ta tsaya ta kalle ta ido cikin ido, abin da ba ta yi wa kowa ba a asibitin. Baturiya ta kai nonon gida. Malam Maikuɗi ya dama fura ya sha ya yi gyatsa, ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba, ya miƙa mata ludayi. Ta ce cikinta ba daɗi.

Yau shekara biyu ke nan. In ka je za ka same ta kan kujerar, fararen riguna tsaye a bayanta, tana cewa, "Cire abin nan daga kunne tukuna." Kakanni na shiga da fita. Yasin ya gama karatunsa, ya roƙa aka dawo da shi asibitin, kuma duk sababbin da suka zo sai ya ba su labarin: yadda Tanti ta ɗaga kai sau ɗaya, cikin ƙiftawar ido, ta ga abin da shi ya kasa gani. In ya kai nan, Baturiya takan sunkuya ta gyara wayar ƙarfen da aka ɗaure ƙafar kujerarta da ita.

Kada ku ce kishin ya tafi. Har gobe in sababbi suka sauko daga mota tana lura da wa suka fara gaisarwa. Takardar shaidar da ake ba su a ƙarshen sitaj, sa hannun Rufaida ne a ƙasa, kuma duk ranar rabon takardun Baturiya takan tashi da ciwon kai. Rufaida na ce mata Inna, tana aiko mata da cincin da salla. Ba su ƙara tayar da zancen ba.

Baɗi za ta ajiye aiki. Shi ya sa watan jiya Lokotoro Ilyasu ya zo da wata magana. Ana haɗa ɗan littafin da za a riƙa koyar da likitocin yara da shi, yana son a sa babi guda kan aikin bakin ƙofa, da labarin Lubabatu daga farko har ƙarshe, da sunan Baturiya a sama, manyan baƙaƙe. Ita za ta faɗa da bakinta, a rubuta yadda ta faɗa. Abin da ta yi shekaru tana so ke nan, ta kwana uku tana murmushi ita kaɗai. Sai da ta tambayi wanda zai rubuta.

Ran Alhamis da hantsi suka zauna a ɗakin sikeli, su biyu. Rufaida ta buɗe kaye, ta cire murfin bik, wato biro. Baturiya ta ba da labarin amalanke, wanda ko mijinta bai taɓa jin sa duka ba. Ta faɗi yadda ake ɗora hannu, da yadda ake tambayar na fari ne. Rufaida na rubutawa, ba ta tsallake kalma ba. Aka zo ranar kasuwa, aka zo mai gadi da sandarsa, aka zo ɗan kai yana gyaɗawa cikin zane.

"Sai na gan ta," in ji Baturiya.

Rufaida ta rubuta. Ta ɗaga bik daga kan takarda, ba ta ɗago ido ba, ta ce, "Sai kuma me, Inna?"

Littafin nan likitocin da ba a ma haifa ba za su karanta shi, da sunanta a sama. To kai da ka zauna ka ji duka, ke ma da kika ajiye aikinki, in ku ne kan kujerar nan, minti arba'in ɗin da ta zauna tana kallo za ku sa a rubuta, ko za ku ce, "Sai na tashi da gudu"?